Rijiya guda, guga ɗari: ɗakin kwamfuta a jami'ar Yamai

Wanda ya ƙetare gadar Kennedy daga tsakiyar birnin Yamai, ya bar kogin Isa a bayansa, ya sauka Harobanda, to ya shigo unguwar ɗalibai. Nan ne mazaunin babbar jami'ar ƙasa, wadda aka aza tushenta a 1971. A 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin hasken rana, wanda ya rasu a 1991. Ita kaɗai ce jami'ar gwamnati har zuwa 2010, lokacin da Maraɗi da Damagaram da Tawa suka samu nasu.

A ɗakin kwamfuta, kowane ɗalibi da kujerarsa da allonsa, amma na'urar buga hotuna guda ce, tana can kusurwa. Ta zama kamar rijiyar ƙauye: kowa da gugansa, baki ɗaya ne. Mai karatun labarin ƙasa ya zo da taswira, mai karatun noma ya zo da hoton ganyen hatsi da ciwo ya kama, mai karatun likita ya zo da hoton ƙwayar cuta. Ita kuwa na'ura ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Aikin da ya riga isa gare ta shi take fara fiddawa. In wani ya aika hotuna masu nauyi, sai kowa ya zauna jira. In kuma ya ga shiru ya sake aikawa, sau biyu za ta buga, asarar takarda ta hau kansa.

Sabon zuwa yakan yi mamaki in ya ga launin da ya fito bai yi daidai da na allo ba. Dalili shi ne, allo da haske yake haɗa launi: ja da kore da shuɗi. Na'ura kuwa da tawada huɗu take aiki: shuɗiya, da ja-ja, da rawaya, da baƙa. In rawaya ta ƙare, koren taswira sai ya koma shuɗi, daji ya zama tabki. Abin nan ba na dariya ba ne ga wanda gobe zai tsaya gaban malamai ya kare kundinsa. Shekaru ya yi yana wahala, wataƙila da kuɗin waken da mahaifinsa ya sayar ya sayi takarda. In ƙurar hunturu ta sa takarda ta maƙale, ko wuta ta ɗauke, shi ke nan: rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Shi ya sa tsofaffin ɗalibai suke da ladabinsu. Sukan fara gwada shafi guda da baƙar tawada, domin mai launi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ba sa ɗaukar takardar wani, ba sa soke aikin wani. Wanda lokaci ya ƙure masa, akan ce da shi: "Wuce gaba, ɗan'uwa."

Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati duk sun san wannan darasi. Kayan jama'a ba ya daɗewa sai in kowa ya riƙe shi kamar nasa.