Mako guda a gonar Kawu

Asabar

Autanmu ya iso Dabawa da hantsi, a kan acaɓa daga Dutsin-Ma, shi da abokansa biyu 'yan jami'a. Wai fim suka zo yi. Baba ya ce, "Auta, da me?" Ya zaro waya daga aljihu. Baba ya ɗauki butarsa ya fita.

Bayan isha'i Auta ya nuna mini abin da ya hana shi barci. Gajeren fim ne na Satyajit Ray, mutumin Kalkata a ƙasar Bengal, sunansa Two, na 1964. Baƙi da fari ne, bai wuce minti 15 ba, kuma har ya ƙare babu wanda ya ce uffan. Ɗan masu kuɗi yana tagar bene, ɗan talaka yana ƙasa gaban bukka yana busa sarewa. Duk abin wasan da na ƙasa ya fito da shi, na sama yana da wanda ya fi shi tsada. Da na ƙasa ya saki filfilonsa na takarda sama, sai wancan ya harbo shi da bindigar iska. Can kuma sai ga muryar sarewar ta dawo. Ni da na tashi da fim ɗin Indiya na awa uku, rawa a kan dutse da kuka a asibiti, ban taɓa zaton akwai irin wannan a ƙasar ba.

Labarin fim ɗin Auta kuwa: yara biyu, ɗaya da motar kara, ɗaya da motar batir, a hanyar da ta ratsa gonar dawar Kawu.

Lahadi

Mun je gaida mai unguwa, muka gaya masa batun fim ɗin. Ya saurara, ya ce, "To, ban da ɗaukar matan mutane, kuma la'asar sakaliya ta same ku cikin gari." Muka ce, "An gama, ranka ya daɗe." Babu wanda ya nemi ƙarin bayani a kan sharaɗi na biyu, kowa a nan ya san yadda daji ya koma.

Jarumai: jikokin Goggo biyu. Ladansu alewa.

Litinin

Yau na gane fim ba labari ba ne kawai, faɗa ne da rana. Ƙarfe 11 ta yi, fuskar yaran ta koma baƙi ƙirin a waya, dawar kuwa fari fat. Auta ya ruga gida ya yayo farin zanen gadon Inna, ya sa ni da abokinsa muka riƙe gefe-gefe, muka karkata shi har hasken ya daki zanen ya komo fuskar yaron a tausashe. Kwayar idonsa ta fito. Ya ce ba dabararsa ba ce: Subrata Mitra, mai ɗaukar hoton Ray, da farin ƙyalle ya riƙa mayar da haske a fim ɗin Aparajito na 1956. Kuma lokacin da Ray ya ɗauke shi aiki yana ɗan shekara 21, bai taɓa sarrafa kyamarar fim ba. Na ce to ku sa'anninsa ne, sai dai shi hannun yayansa bai sage ba.

Iskar hunturu ta cika sauti da huci. Aka cusa makirfon cikin safa. Wayar ta yi zafi sau biyu ta ɗauke, muka kai ta wurin mai caji muka zauna cin gyaɗa. Ƙaramin yaron kuwa ya ƙi daina kallon kyamara, sai da Auta ya ce masa ya ƙirga tayoyin motarsa a zuci.

Talata

Rabin fitowar gona ta samu. Dawar ta fi tsayin mutum, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuya, yaran suna ɓacewa cikinta suna ɓullowa. Su Auta suna da lacca, sun koma Dutsin-Ma. Sauran sai jibi.

Alhamis

Babu dawa. Jiya Kawu ya samu 'yan ƙwadago, an sassare ta an kwantar, yau ana yanka ana ɗaure dami. Daga bakin hanya har ƙarshen gona fili fetal. Auta ya ce, "Kawu, ai ba mu gama ba." Kawu ya ce, "Ɗana, tsuntsu da ɓarawo ba su san da fim ɗinka ba."

Auta ya zauna bisa kunya ya yi tagumi. Abokinsa ne ya fashe da dariya ya tuna masa cewa haka aka yi wa ubangidansa. A watan Oktoba na 1952 Ray ya fara ɗaukar Pather Panchali a wani fili mai cike da farar ciyawa mai fure, inda yara biyu za su hango jirgin ƙasa. Ranar hutu kawai yake zuwa, don yana aiki a kamfanin talla. Da ya komo, shanu sun cinye furannin, dole ya jira wata kakar. Kuɗi suka ƙare, aka jinginar da gwalagwalan matarsa, sai da gwamnatin Bengal ta Yamma ta sa hannu fim ɗin ya fito a 1955.

Auta ya ce shi ma zai jira baɗi. Na ce, "Kai, haƙorin gaban jaruminka yana girgiɗi. Kafin baɗi wani yaro ne daban." Ban da haka ma, Ray yana da gwalagwalan da zai jinginar. Shi ko budurwa ban san yana da ita ba.

Juma'a

Kafin masallaci muka koma gona, don kawai Auta ya ɗauko safarsa da ya bari. Muka tarar da babban yaron zaune cikin karan da aka sare, yana ɓare bawo da haƙori, yana yanka totuwa ƙanana-ƙanana yana soke su da tsinke. Sabuwar mota yake haɗawa, mai taya 6. Ƙaramin ya ajiye ta batir a gefe, batirin ya mutu tun Talata, ya tsugunna yana miƙa masa tsinke.

Auta bai ce musu komai ba. Ya ɗaga mini gira, na warware zanen Inna. Minti 4 ya ɗauka ba yankewa, kuma babu wanda ya kalli kyamara.

Inna ta ga zanen da yamma. Ta ce kuɗin sabulu a kan darakta yake.