Buhu 50 da buhu 20 sun zama 5020: ina matsalar take?

Yau zan taɓo wani abu da ke rikita kusan duk mai fara koyon rubuta manhaja, wato bambancin lamba da rubutu.

Mu nan Kura da Bunkure, ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 shi ke riƙe da noman ranin mu. Shinkafa, tumatir, alkama, duk sai da lissafi: buhu nawa aka samu, nawa aka kashe a taki, nawa ne kuɗin ruwa. Shi ya sa yaran da nake koya wa Python a waya ta manhajar Pydroid 3, abin da suke fara nema shi ne ɗan kalkuletan gona.

Wani ƙanina ya haɗa nasa. Ya shigar da buhu 50 na gona ɗaya, 20 na ɗayar, sai ga 5020. Ya ce, "Yaya, wallahi wayar nan ta haukace." Wayar lafiyarta ƙalau. A Python, duk abin da input() ya karɓa rubutu ne, ko da lambobi ka danna. Alamar + kuma idan ta sami rubutu biyu, manna su take yi. Maganin shi ne int(): int("50") + int("20") zai ba ka 70. In kuma akwai ɗigo, kamar eka 1.5, sai ka yi amfani da float(), domin int("1.5") kuskure zai nuna maka.

Python ma tana da kirki, in ka haɗa rubutu da lamba za ta tsaya ta ce TypeError. JavaScript ita shiru take yi: "50" + 20 ya ba ka 5020, amma "50" - 20 ya ba ka 30. A can Number() ne ke gyarawa. Ka duba fa, da a ce kuɗin wani manomi ake lissafawa, ai rigima ce har gaban mai unguwa.

Akwai kuma kishiyar wannan. Lambar waya ba lamba ba ce a wajen kwamfuta. Ka rubuta ta a Excel ko Google Sheets, sifilin farko zai ɓace, lambobi 11 su koma 10. Na ga jerin sunayen wata ƙungiyar manoma da ya lalace haka, aka tura saƙon rabon taki bai isa ga mutane ba. Kafin ka rubuta lambar, sa alamar ' a gabanta, za ta zauna a matsayin rubutu.

Dabarar da nake ba yara ita ce: tambayi kanka, zan tara wannan abin ko zan rage shi? Buhu da kuɗi, lamba. Lambar waya, NIN da lambar asusun banki, rubutu.

Ku gwada a wayoyinku yau. Allah Ya sa albarka a noman bana.