Gem Dubu a Filashi Ɗaya

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina a shekarun 1990 ya san gidan gem: ɗan shago, benci, talabijin mai ƙeya, da Sega Mega Drive da yara ke layi a kanta don buga Mortal Kombat ko Street Fighter II. Daga baya PlayStation ta iso, wadda Sony ta fitar a 1994, Winning Eleven ya hana samarin unguwa barci. Na'urorin sun mutu, kaset ɗinsu sun ƙare a hannun 'yan jari-bola, amma marmarinsu bai sake mu ba.

Marmarin nan ne ya kai ni wani shagon tura fina-finai a wajen Ƙofar Ƙaura. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, akwai emuleta, gem dubu a filashi ɗaya." Na biya, na taho gida. Kwamfutata tana wurin gyara, sai na ɗauki ta ƙanwata ba da saninta ba, alhali tana tsaka da rubuta kundin kammala digirinta. Manhajar tsaro ta yi gargaɗi, na kashe ta, don mai shagon ya ce haka ake yi. Washegari fayilolinta suka ƙi buɗuwa. Ba abin da ya tsira sai wanda ta riga ta tura wa malaminta ta imel. Ta dube ni ta ce, "Yaya, da ka tambaye ni ai da na ba ka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta koma ta faro aikin wata da watanni.

Laifina na biyu ya fi ba ni kunya. Maimakon in karɓi abin da na aikata, sai na shiga majalisa ina cewa emuleta ƙwayar cuta ce, a hana yara. Na ɗora wa abin da ban sani ba nauyin gangancina.

Sai daga baya na zauna na fahimci yadda abin yake. Emuleta manhaja ce mai kwaikwayon kayan cikin tsohuwar na'ura: misali, tana karanta umarnin da aka rubuta wa ƙwaƙwalwar Sega, wato Motorola 68000, ta mayar da shi abin da kwamfutar yau ke ganewa. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara MAME a 1997 don adana wasannin da na'urorinsu ke lalacewa. Dolphin, mai kwaikwayon GameCube da Wii, ta fito a 2003, aka buɗe lambobinta ga kowa a 2008. PPSSPP da yaranmu ke buga ƙwallo da ita a waya, Henrik Rydgård ɗan Suwidin ya fitar da ita a 2012. Dukkansu ana samunsu kyauta, kuma lambobinsu na nan a GitHub, duk mai ilimin abin zai iya dubawa layi-layi. Da wuya a ɓoye mugun abu a inda idanu suka yi yawa haka. Abin da na saya ƙunshi ne da wani ya haɗa ya cusa nasa a ciki.

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ban taɓa tunaninta ba. Emuleta daban, wasan kansa daban, kuma wasan yana da masu shi. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony game da emuletarsa ta PlayStation, amma a 2024 masu emuletar Yuzu sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe. Ni dai ina ganin masu yin emuleta sun cancanci yabo: binciken Video Game History Foundation na 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin.

Ɗan'uwa, in za ka sauke emuleta, je shafin masu ita kai tsaye. In an ce sai ka kashe manhajar tsaro, zare filashin nan take. Kwamfutar da ba taka ba kuwa, nemi izini tukuna.