Kaska Ta Yi Laifi, Aka Zargi Matar Wana

Shekara arba'in da 'yan kai ina cin nama a Kafanchan, bai taɓa yi mini kome ba, sai ran Babbar Sallah ta 2019. Na ci soyen rago a gidan wana bayan magariba. Can tsakar dare sai na farka jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓɓana sun kumbura. Bayan kwana uku matarsa ta aiko mini da farfesu, abin ya sake dawowa.

To, jama'a, kun san halinmu. Nan da nan aka soma raɗe-raɗin wai sammu ne. Mahaifiyarmu ta hana ni cin girkin baiwar Allah nan, wana kuwa ya daina taka ƙofar gidana.

Ran nan na je wurin wani likita. Da ya gama saurarona sai ya ce, "Malam, kana shiga daji?" Na ce ina da gonar citta wajen Kagoro, kusa da burtali, kuma da damina kaska ta sha cizona.

Ya bayyana mini cewa irin wannan ciwo yana iya kama baligi rana tsaka. Wato garkuwar jiki ce kan yi kuskure, ta ɗauki wani abu na cikin abinci tamkar abokin gāba, ta tanadi makamai a ɓoye. In aka sake ci, sai ta saki sinadarin histamin, wanda ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. A 2009 masana a Jami'ar Bajiniya ta Amurka suka bayyana wani nau'insa. Akwai wani sukari, alfa-gal, cikin naman shanu da tumaki da awaki, kuma cizon kaska na iya sa jiki ya tsane shi. Alamun kan jinkirta awa 3 zuwa 6, shi ya sa ba a zargin naman. Kaza da kifi ba su da shi. Ya gargaɗe ni, in maƙogwaro ya soma shaƙewa, a garzaya asibiti.

Na bar jan nama, borin jinin ya ɗauke. Sa'an nan na ɗauki mahaifiyarmu muka je muka ba matar wana haƙuri. Ta ce, "Ba kome, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Amma wata huɗu ta yi ana nuna ta da baki a unguwa, kunyar wannan kuwa har yau ba ta sake ni ba.