Lambar Nijar a kan allo: 1,267,000

Kowane ɗan CM2 a Badagishiri ya haddace cewa faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Amma ka ce ya raba lambar da 5, sai ido ya raina fata. Abin mamaki, wannan yaron ne ubansa ke aika kasuwar dabbobi, ya dawo da canji babu ko dala da ta ɓata.

Ni a ganina matsalar tsoro ce. Mun koya wa yara su haddace babbar lamba, ba mu koya musu su yi mata tambaya ba. Shi ya sa nake rubuta 1,267,000 a allo in ce mu bincike ta kamar yadda dillali ke duba haƙoran rago.

Tambayar farko: cika ce ko mara? Ta ƙare da sifiri, ke nan cika ce, tana rabuwa da 2. Tana rabuwa da 5? A nan ajin ke farkawa, domin mu a Nijar da dala muke lissafi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce. In kuɗi ne, dala 253,400 ke nan, ko jika 1,267. Yaron da ke cewa dala ashirin in ya ga 100 a jikin kuɗi, kullum yana rabawa da 5 bai sani ba.

Da 3 fa? Mu tara 1 da 2 da 6 da 7, mu sami 16. Tunda 16 ba ta rabuwa da 3, ita ma uwar ba ta rabuwa. 1 zai yi saura. Da 8 kuwa tana rabuwa tsaf: da jihohinmu takwas girmansu ɗaya, kowace za ta sami 158,375. Sai mu dubi taswira mu ga Agadas ita kaɗai ta haye rabin ƙasar.

Daga nan mu feɗe ta har wutsiya. 1,000 ita ce 2×2×2×5×5×5, ita kuma 1,267 ita ce 7×181. Wannan 181 ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kuma yara da kansu ke tabbatarwa: su gwada 2, 3, 5, 7, 11 da 13, su tsaya. Daga waɗannan tubala, lambobi 64 ne ke raba ta ba saura.

Wannan ba wasan aji kaɗai ba ne. Yaron nan gobe shi zai sayar da albasar Galmi mota guda, ko ya sa hannu a takardar bashin taki, ko ya zauna rabon gado. Wanda sifiri uku ke firgitawa, wani ne zai yi masa lissafi, kuma ba kowane wani ne mai tsoron Allah ba.

Iyaye, ba sai kun iya Faransanci ba. In an sayar da sa, ku faɗa wa yaro kuɗin da jika, ya mayar da shi dala, ya rubuta da faran, sannan ya raba wa ƴan gida. Malamai ƴan'uwana, mu bar lissafin kasuwa ya shigo aji.