Tsakanin “Dole” da “Ya Kamata”

A wani aji na sakandare a Madarumfa, malamin Ingilishi ya rubuta kalmomi huɗu a allo: must, have to, should da need. Ya nemi ma'anarsu, sai ɗalibai suka amsa baki ɗaya: “Dole!” Laifin ba nasu ba ne. Sun bi ta Faransanci ne, inda devoir da il faut kan ɗauki kusan dukkan wannan nauyi, kafin su iso Hausa.

Alhali kuwa Hausa ba ta rasa ma'auni ba. Must umurni ne da ke fitowa daga bakin mai magana, kamar uba ya ce wa ɗansa lalle ya dawo kafin magariba. Have to tilas ce da hali ya ɗora wa mutum, irin ta masunci a tafkin Madarumfa da iska ta kora gaɓa. Bahaushe ya ce tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Should shawara ce, wato “ya kamata”, wanda ya ƙi bai karya doka ba. Need kuwa bukata ce, irin ta gero ga ruwan damina.

Haɗarin ya fi girma wajen korewa. Must not hani ne, “kada”. Don't have to sassauci ne, “ba dole ba ne”. A garin da ke kusa da iyakar Najeriya, inda magunguna masu rubutun Ingilishi ke shigowa daga Jibiya da Katsina, yaron da ya rikita waɗannan biyu yayin karanta wa mahaifiyarsa takardar magani zai iya mayar da gargaɗi izini.

Abin mamaki, ɗalibin ya riga ya san wannan tsani tun daga makarantar zaure. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san bambancin wajibi da mustahabbi, da na haram da makaruhi.

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasar Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, nauyi ya hau kan malamai. Ya kamata su fara darasin daga abin da yaro ya zo da shi daga gida. Ko kuwa a ce dole ne?