Da Keke da Kwagiri Muka Je Yamai

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Takieta. Yau zan ba ka labarin wani kuskure da na yi, da yadda muka gyara shi.

Ina da ƙanwa. Shan inna ya kama ta tun tana shekara uku, ƙafafunta suka shanye. Tana da keke mai taya uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Kullum tana saida gyaɗa a bakin titi, inda hanyar Matameye ta rabu da babbar hanya. Motocin Yamai na wucewa a gabanta safe da yamma, amma ita ba ta taɓa wuce Damagaram ba. Mahaifinmu kuma ya tsufa, gwiwa ta dame shi, ba ya tafiya sai da kwagiri.

Ƙanwar nan tana cikin ajina. Wata rana na ba ɗalibai labarin gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. An buɗe shi a 1959. Yana ɗauke da sunan Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974. A ciki akwai namun daji, akwai kayan gargajiya na ƙabilunmu, akwai masu sana'ar hannu. Na ce musu bana zan kai ƴaƴana su gani.

Da aka tashi, sai ta ce: "Yaya, har da ni?"

Na ce: "Wa zai ɗauke ki?"

Ba ta ce kome ba. Ta juya kekenta ta tafi. Daren nan ban yi barci ba. Ni ne na koya mata rubuta sunanta, ni ne nake ce wa aji tafiya mabuɗin ilimi, kuma ni ne na yanke mata hukunci ban tambaye ta ba. Da safe na je na ba ta haƙuri. Baba yana jin mu, ya ce shi ma ba za a bar shi gadin gida ba.

Ka lura da abin da muka fara yi. Mun zauna da takarda da biro, ita ce ke rubutu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ni ina tunanin kuɗin mota, ita tana tunanin ban ɗaki, da tsawon zama, da yashi. Abin da ta rubuta ya fi nawa amfani.

Na farko kuɗi. Mun yi asusu, jikka goma kowane wata, har wata goma. Ita ma ta zuba daga ribar gyaɗarta, don ta ce ba ta son a kai ta kamar kaya.

Na biyu lokaci. Mun zaɓi watan Janairu 2025, lokacin sanyi. A zafin bazara ƙarfen keke yana ƙuna, tsoho kuma yana saurin galabaita.

Na uku mota. Daga Takieta zuwa Yamai ya fi kilomita 800. Za ka bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Yini guda ne cur. Na je tasha kwana uku kafin tafiya, na gaya musu akwai mai keke da tsoho, na roƙi kujeru kusa da ƙofa. Na auna keken da igiya don in tabbata zai shiga wurin kaya. Kada ka bari sai ranar tafiya, lokacin kowa yana sauri, ba mai sauraronka.

Na huɗu kayan hanya. Mun ɗauki famfon iska, da faci, da matashi mai laushi, da fo, da zanen yin labule, da maganin Baba, da katin shaidar kowa. Matata ce ke taimaka wa ƙanwata a duk inda aka tsaya.

Da muka isa, mun sauka gidan wani ɗan uwa, muka huta yini guda. Washegari muka tafi da safe, kafin rana ta yi zafi. Wurin yana da faɗi ƙwarai. A bakin ƙofa na tambayi ma'aikata hanyar da ta fi sauƙi ga keke, suka nuna mana. Inda yashi ya yi yawa, ni da babban ɗana muka tura. Mun ɗauki ƴar kujera ta katako, duk inda Baba ya gaji sai ya zauna a inuwa. Ba mu ce sai mun ga kome ba. Kowa ya zaɓi abu biyu da ya fi so.

Yara suka zaɓi zaki da dorina. Baba ya zaɓi ƙasusuwan da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Akwai na wani kada da tsawonsa ya kai mita 10. Baba ya daɗe yana kallo, yana cewa ikon Allah. Ƙanwata kuwa itaciyar Tenere ta nema. Itaciyar ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayari na gane hanya da ita. A 1973 wata mota ta buge ta, aka kawo gangar jikinta Yamai. Ƙanwata ta matsa da kekenta, ta fito da littafinta, ta rubuta shekarar da hannunta.

Ɗan uwa, a 2020 an bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, albarkacin rigakafi. Ka ci gaba da kai ƴaƴanka a ɗiga musu. Amma waɗanda ciwon ya riga ya taɓa suna nan a gidajenmu. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Ita ta ce suna da haƙƙin shiga wuraren wasa da yawon buɗe ido kamar kowa. Sai dai takarda ba ta tura keke, ɗan uwa ne ke turawa.

Ba dole sai Yamai ba. Ko hawan salla a fadar Sarkin Damagaram ne, ko biki, ko kasuwa, idan akwai mai keke ko mai sanda a gidanku, ka tambaye shi ko yana son zuwa, ka kuma tambaye shi abin da yake bukata. Ƙanwata yanzu ta soma sabon asusu. Ta ce baɗi Agadas za mu. Allah ya nuna mana, amin.